Indigènes: Fim ɗin da Ya Tuna da Sojojin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu

Indigènes fim ne na tarihi da ya fito a shekarar 2006, wanda Rachid Bouchareb, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya, ya ba da umarni. Sunan fim ɗin shi ne kalmar da gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa take kiran 'yan ƙasa da ita. Fim ɗin ya ba da labarin sojojin Arewacin Afirka da suka yi yaƙi domin ƙwato Faransa daga hannun Jamus, wadda ta mamaye ta daga 1940 zuwa 1944.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Labarin ya fara ne a 1943, inda matasa huɗu, Saïd da Abdelkader da Messaoud da Yassir, suka shiga rundunar Faransa. Sun fafata a Italiya, suka sauka a kudancin Faransa a watan Agusta na 1944, suka nausa arewa har yankin Alsace, inda Abdelkader kaɗai ya tsira da ransa.

Fim ɗin ya nuna wariyar da suka sha a cikin rundunar da suke yi wa hidima. A cikin jirgin ruwa an hana su tumatir, an ba Turawa. Ana ƙara wa Faransawa girma a bar su a baya, ana kuma ba Faransawa hutu a hana su. Wasiƙun da Messaoud yake aika wa wata Bafaranshiya ma hukumar soja riƙe su take yi.

Tasirinsa

A bikin finafinai na Cannes na 2006, 'yan wasa biyar ne suka raba kyautar gwarzon ɗan wasa: Jamel Debbouze da Samy Naceri da Roschdy Zem da Sami Bouajila da Bernard Blancan. Fim ɗin ya kuma shiga zagayen ƙarshe na takarar Oscar da sunan Aljeriya.

Babban tasirinsa ya bayyana ne a batun fansho. Tun 1959 Faransa ta daina ƙara fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, har abin da suke karɓa ya zama bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na takwarorinsu Faransawa. A watan Satumba na 2006, daidai lokacin fitowar fim ɗin, gwamnatin Jacques Chirac ta sanar da daidaita wani ɓangare na kuɗin. Sauran sai da kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2010. Kafin nan da yawa daga cikin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Suka da muhawara

Wasu masana tarihi sun ce fim ɗin ya nuna kamar sojojin duk 'yan sa kai ne, alhali da yawa tilasta musu aka yi. An kuma lura cewa baƙaƙen fata ba su samu gurbi na a zo a gani ba, duk da cewa rundunar da ake kira Tirailleurs Sénégalais ta ɗebi mutane daga faɗin Afirka ta Yamma da Faransa take mulka, har da Nijar. A ƙarshen 1944 an janye yawancin waɗannan sojoji daga fagen daga, aka maye gurbinsu da Turawa.

Labarinsu ya fi fitowa a fim ɗin Camp de Thiaroye na 1988, wanda Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow suka shirya. Fim ɗin ya yi magana ne kan harbe sojojin Afirka da dakarun Faransa suka yi kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba, 1944, saboda sun nemi a biya su kuɗinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amince a hukumance cewa kisan kiyashi ne.

Muhawarar ta sake tasowa a 2017, lokacin da aka soki fim ɗin Dunkirk na Christopher Nolan saboda rashin nuna sojojin Indiya da suka kasance a wurin. Masu sukar sun kafa hujja da cewa mutane da yawa daga finafinai suke sanin tarihin yaƙin, don haka wanda ba a nuna a fim ba yakan ɓace daga tunanin jama'a.