Babur Ɗin Ruwa: Yadda Ya Bar Hannun 'Yan Tsere Ya Koma Rumfar Haya

A gaɓar tekun Key West ta jihar Fulorida, ko a Dubai daura da otal ɗin Burj Al Arab, ko a tsibirin Fuket na ƙasar Tailan, rumfar masu ba da hayar babur ɗin ruwa kusan kamarta ɗaya. Tebur ne da takardar sa hannu, sai rigunan hana nutsewa a rataye, ga baburan can a jere suna lilo a bakin ruwa. Baƙo zai ajiye kuɗin jingina, a ɗaura masa wata 'yar igiya a wuyan hannu, a nuna masa totur, a nuna masa iyakar da ba zai wuce ba. Cikin 'yan mintoci mutumin da bai taɓa riƙe ko da filafilin kwalekwale ba ya zama direban injin da ke iya gudun mota a kan kwalta.

Wanda ya ƙirƙiro wannan abin hawa bai yi shi don irin wannan baƙo ba. Tazarar da ke tsakanin mutumin da aka ƙera wa babur ɗin da mutumin da ke hawansa yau, ita ce ta haifi kusan duk dokokin da suka dabaibaye sana'ar.

Tun a shekarar 1955 kamfanin babura na Vincent da ke Ingila ya fitar da wani ɗan ƙaramin abin hawa na ruwa mai suna Amanda. Farfela ce ke tura shi, kuma bai yi kasuwa ba. A daidai wannan lokaci, can a Niyu Zilan, wani manomi mai ƙwaƙwalwar injiniya, Bill Hamilton, yana fama da wata matsala dabam. Kogunan yankinsu ba su da zurfi, duwatsu na cinye farfela. A 1954 ya haɗa jirgin da ke zuƙo ruwa ta ƙasa ya feso shi da ƙarfi ta baya, feshin ya tura jirgin gaba. Babu farfela a waje, babu abin da zai sari dutse ko ƙafar mutum. Wannan dabara ce zuciyar kowane babur ɗin ruwa har gobe.

Wanda ya haɗa dabarar da jikin babur shi ne Clayton Jacobson II, Ba'amurke ma'aikacin banki da ya shaƙu da tseren babura a cikin hamada. Kamar yadda ya sha ba da labari, wata rana ya sha ƙasa a hamadar Mohabi, ya zauna a bakin wata magudanar ban-ruwa yana cire tsakuwa daga raunukansa. Nan tunani ya zo masa: ina ma a ce akwai babur ɗin da in mutum ya faɗi, ruwa ne zai tare shi. Ya ajiye aikin banki, ya duƙufa, zuwa 1965 ya haɗa na gwaji da ƙarfen alminiyam, wanda ake tuƙawa a tsaye.

Kamfanin farko da ya karɓi fasaharsa shi ne Bombardier na garin Valcourt a lardin Kwibek na Kanada, masu ƙera Ski-Doo, abin hawan da ke gudu kan dusar ƙanƙara. Suna neman hajar da za su sayar da bazara idan ƙanƙara ta narke. A 1968 suka fitar da Sea-Doo, rawaya, mai faɗi kamar faranti, wanda ake zama a kansa, gudunsa bai wuce kimanin kilomita 40 a awa ba. Injinsa iska ke sanyaya shi, ga shi a rufe cikin jiki, sai ya riƙa ɗaukar zafi. Suka sauya inji a shekara ta gaba, ruwan gishiri kuma ya far wa ƙarafan. Zuwa 1970 suka tattara suka bari.

Jacobson ya juya wajen Kawasaki na Japan, kuma a 1973 aka fitar da Jet Ski na farko, mai injin cc 400. Sunan ya kama bakin duniya har ya zama sunan kowane babur ɗin ruwa, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu a kasuwanninmu, alhali Jet Ski sunan hajar Kawasaki ne kaɗai. Dangantakar mutumin da kamfanin ba ta ƙare da daɗi ba, don sun kai ga kotu a kan wane ne ainihin mai ƙirƙirar, kafin su sasanta a farkon shekarun 1990. Jacobson ya rasu a Ostareliya a 2022.

Jet Ski na wancan zamani ba abin hawan kowa ba ne. Siriri ne, ba ya tsayuwa da mutum idan ba gudu yake ba. Mai koyo sai ya fara jan ciki a bayansa, ya durƙusa a gwiwa, sannan in ya samu daidaito ya miƙe. Faɗuwa tana cikin lissafi tun daga masana'anta, shi ya sa aka tsara shi yadda in direba ya faɗa ruwa, babur ɗin zai rage gudu ya riƙa kewayawa a hankali har mai shi ya iyo ya kama shi. Wanda ya iya hawa, ya biya kuɗin makaranta da shan ruwa. Irin waɗannan mutane ne suka mayar da tafkin Habasu na jihar Arizona cibiyarsu, inda ake gasar duniya tun 1982. Mai otal kuwa ba zai iya gina sana'a a kan abin da baƙo zai ƙare awarsa yana faɗowa daga kai ba.

Sauyin ya zo a 1986, lokacin da Yamaha ya fitar da WaveRunner, mai kujera kamar ta babur ɗin titi, mai ɗaukar mutum biyu. Bombardier ya dawo da Sea-Doo a 1988, zuwa 1990 kuma masu ɗaukar mutum uku sun shigo. Yanzu abin yana tsayuwa daram ko an kashe inji. Uba zai goya 'yarsa, ango zai goya amarya, wanda bai iya iyo ba ma zai hau. Ciniki ya yi tashin gwauron zabi, har a 1995 aka sayar da kusan 200,000 a Amurka kaɗai. A waɗannan shekaru ne rumfunan haya suka bazu a Fulorida da tsibiran Karebiyan da gaɓar Bahar Rum. Ga mai hutu, lissafin a fili yake: ba sai ya sayi abin dubban daloli ba, ba sai ya nemi tirelar ja ko wurin ajiya ba, awa ɗaya zai biya ya tafi shi kaɗai.

Sai dai sauƙin hawan ya ɓoye wani abu da 'yan tsere suka sani, baƙi ba su sani ba. Babur ɗin ruwa ba shi da abin juya akala a ƙarƙashinsa kamar jirgi. Feshin ruwan da ke tura shi, shi ne kuma ke juya shi. In direba ya murɗa kai, bakin bututun baya ne ke karkata, feshin ya ture gindin babur ɗin gefe. Da zarar an saki totur, feshi ya mutu, juyawa ta mutu tare da shi. To, me mutum yake yi in ya ga zai yi karo? Duk wanda ya saba da mota ko babur zai saki wuta ya kauce. A kan ruwa wannan ɗabi'a ce ke kai shi kai tsaye cikin abin da yake gudu, yana murɗa kai babur ɗin bai san yana yi ba. Birki kuwa, a lokacin, babu shi sam.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yi nazari na musamman a kan lamarin a 1998. Ta gano cewa a sauran jiragen shaƙatawa nutsewa ce ta fi kashe mutane, amma a babur ɗin ruwa karo ne, da wani babur, ko jirgi, ko gada, ko mai iyo. Ta kuma nuna damuwa kan ƙarancin horon da masu haya ke samu kafin a sake su. Shekaru uku kafin rahoton, a watan Satumba na 1995, wani matashi da ke kan babur ɗin haya ya yi karo da jirgin mawaƙiya Gloria Estefan a kusa da Mayami, ya rasu. Mawaƙiyar ta je har majalisar jihar tana neman a tsaurara doka, kuma a 1996 Fulorida ta wajabta wa matasa koyon ƙa'idojin tuƙin ruwa. Yau a jihar ba a ba wanda bai kai shekara 18 haya, wanda bai kai 14 ba ba ya tuƙi, duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1988 kuma sai ya nuna shaidar ya ci jarrabawar kiyaye haɗari. Rumfuna da yawa a nan teburinsu ake zana ta.

Ba haɗari kaɗai ya tayar wa mutane hankali ba. Injinan farko irin waɗanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai ne, kamar ƙaramin janareta mai hayaƙi, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na man da suka sha yana fita cikin ruwa bai ƙone ba. Ga ƙara mai tashi da sauka duk sanda babur ya yi tsalle kan igiyar ruwa, wadda mazauna bakin tafki suka ce ta hana su sakat. Ƙaramar hukumar San Juan a jihar Washinton ta haramta su ɗungurungum a 1996, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haramcin a 1998. Tafkin Taho ya kori tsofaffin injinan a 1999. A 2000 hukumar gandun shaƙatawa ta Amurka ta rufe musu ƙofa a mafi yawan wurarenta, a 2001 kuma aka hana su shiga tashar ruwan Sidni. A Hawayi, ruwan yamma da kudancin tsibirin Mawi a rufe yake gare su daga 15 ga Disamba zuwa 15 ga Mayu, lokacin da manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel ke zuwa haihuwa.

Matsin ya yi amfani, kuma ya kamata a faɗi haka. A 2002 Yamaha da Honda da Bombardier duk suka fitar da injina irin na mota, masu ƙarancin hayaƙi da ƙara. Aka ƙara na'urar da ke ba da ɗan ƙarfi idan direba ya saki totur yana murɗa kai. A 2009 Sea-Doo ya zo da birki na farko, wani murfi da ke saukowa ya mayar da feshin gaba. Tun kafin nan kamfanonin sun yi fahimtar juna da rundunar tsaron gaɓar Amurka cewa gudu ba zai wuce wajen kilomita 105 a awa ba, baburan haya kuma galibi ana rage musu ƙarfi ƙasa da haka sosai. Wasu rumfunan ma suna sa na'urar da ke rage gudun babur da kanta in ya fita daga da'irar da aka shata.

Doka ta daɗe tana bin abin a baya. A Birtaniya kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2005 cewa babur ɗin ruwa ba jirgi ba ne a idon dokar sufurin teku, abin da ya rushe hukuncin da aka yi wa wani da ya ji wa mutum mummunan rauni a karo. Sai a 2023 aka toshe wannan giɓi. Faransa da Sifaniya sun ɗauki wata hanya: mai lasisi ya tafi shi kaɗai, marar lasisi ya hau ƙarƙashin idon mai horarwa. A ganin mai wannan rubutu, tsarin nan ya fi na rumfar da ke miƙa makulli ga duk wanda ya biya.

Tafiya ba jagora tana da wani haɗarin da ba na inji ba. Teku ba ta da alamar kan iyaka. A ƙarshen Agustan 2023 wasu masu hutu suka tashi a kan baburan ruwa daga garin Sa'idiyya na Maroko, suka tsinci kansu a ruwan Aljeriya, ƙasar da iyakarta ta tudu da Maroko ke rufe tun 1994. Jami'an tsaron gaɓar Aljeriya suka buɗe wuta, mutum biyu suka rasa rayukansu. Aljeriya ta ce an gargaɗe su ba su tsaya ba, wanda ya tsira ya ce ɓata suka yi mai ya ƙare musu. A wasu gaɓoɓin Tailan kuwa kukan baƙi na aljihu ne: a dawo da babur, mai shi ya nuna wani tsohon karce ya ce sabo ne, ya nemi kuɗi masu kauri. Ofisoshin jakadanci da dama sun sha gargaɗin 'yan ƙasarsu a kan haka.

Duk da wannan, zalunci ne a ɗauki babur ɗin ruwa abin wasan masu kuɗi kawai. A Hawayi, masu ceto irin su Brian Keaulana sun ɗaura masa allo a baya suka mayar da shi motar ɗaukar marasa lafiya ta cikin teku. Yana kutsawa tsakanin manyan igiyoyin ruwa, kusa da duwatsu, inda jirgi mai farfela ba zai kusanta ba, ya ɗauko mutum ya fice kafin igiya ta gaba ta rufto. Rayukan da aka ceta da shi a gaɓoɓin duniya suna da yawa. Abin hawan da ke hannun mai ceto da wanda ke hannun baƙo duk ɗaya ne, horo ne ya raba su.

Mai karatu da hutu zai kai shi irin wannan rumfa, a Dubai ne ko a bakin ruwan Legas, kada ya ɗauki bayanin 'yan mintocin nan a matsayin ɓata lokaci. Ya tambaya ko babur ɗin yana da birki. Ya ɗauki hoton jikinsa ta kowane gefe kafin ya hau, ya ɗaura igiyar kashe inji a hannu, ya san iyakarsa da yawan man da ke tanki. Kafin ya yi nisa kuma, a fili inda babu kowa, ya saki totur ya murɗa kai sau ɗaya, don ya ji da jikinsa yadda babur ɗin ke ƙin juyawa.