Rumbunan Bayanai da Ke Ɓoye Cikin Manhaja: Wa Ya Ƙera, Wa Ya Saye

A shekarar 2000, wani injiniyan kwamfuta Ba'amurke, D. Richard Hipp, yana rubuta manhajar da za a yi aiki da ita a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna USS Oscar Austin, a ƙarƙashin kwangilar kamfanin General Dynamics. Manhajar tana ajiye bayananta a Informix, babban rumbun bayanai mai zaman kansa, wanda dole sai yana kunne kafin komai ya motsa. Duk ranar da Informix ya kwanta, manhajar ma ta tsaya cik, kuma Hipp ake ɗora wa laifi, kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari. Sai ya yi tunani: me zai hana manhaja ta riƙa karanta bayananta kai tsaye daga fayil? A watan Agustan wannan shekara ya fitar da SQLite.

Bambancin ke nan tsakanin rumbunan iri biyu. Manyan, irin su Oracle da Informix, kamar magatakarda suke da ke zaune a wani ofis, sai an aika masa ya duba littafi ya maido da amsa. Rumbun da aka dasa cikin manhaja kuwa littafin bashi ne a aljihun mai kanti. Ba ya buƙatar sabar, ba ya buƙatar ma'aikaci mai kula da shi, kuma mai amfani da manhajar sau da yawa bai ma san da shi ba.

Ba Hipp ne ya fara wannan tunani ba. Tun 1982 wani ƙaramin kamfani a jihar Tekzas, SoftCraft, ya fitar da Btrieve, wanda masu rubuta manhajojin lissafi suka rungume shi hannu bibbiyu. Novell ya saye shi a 1987, ya sake shi a 1994, kamfanin da ya karɓe shi ya koma Pervasive, daga bisani Actian ya saye a 2013. Akantocin Najeriya da suka yi aiki da manhajar lissafi ta Peachtree sun shafe shekaru suna zuba lissafinsu cikin wannan rumbu, mafi yawansu ba su taɓa jin sunansa ba. Haka labarin Watcom SQL na garin Waterloo a Kanada: ya fito a 1992, ya faɗa hannun Powersoft a 1994, ya wuce Sybase a 1995 inda aka raɗa masa suna SQL Anywhere, sannan kamfanin SAP na Jamus ya haɗiye Sybase a 2010. Iyayen gida huɗu cikin shekara goma sha takwas.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Berkeley DB, domin a kansa ne aka ga yadda canjin mai gida ke shafar wanda bai ji ba bai gani ba. An haife shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1990, lokacin da masana can ke ƙoƙarin tsame rubutun kamfanin AT&T daga manhajarsu ta BSD. Margo Seltzer da Keith Bostic da Mike Olson na cikin waɗanda suka gina shi. Aikinsa bai da kwana-kwana: ka ba shi suna da abin da ke ƙarƙashin sunan, ya ajiye, ya maido maka cikin ƙiftawar ido. A 1996 kamfanin Netscape ya nemi a inganta masa shi, sai Seltzer da Bostic suka kafa Sleepycat Software. Dabarar kasuwancinsu ta burge mutane: idan ka buɗe wa jama'a rubutun manhajarka, ɗauki Berkeley DB kyauta, idan rufewa za ka yi ka sayar, biya kuɗin lasisi. Da haka ya shiga manhajojin imel da na'urorin sadarwa iri-iri.

A watan Fabrairun 2006 Oracle ya saye Sleepycat. A 2013 ya sauya lasisin sababbin fitowa zuwa AGPL, mai sharuɗɗan da masu amfani da shi da dama ba za su iya cikawa ba. Rumbun bai lalace ba, saurinsa bai ragu ba, amma mutane suka fara tattara nasu-ya-nasu. Masu manhajar OpenLDAP suka koma LMDB, wanda Howard Chu ya rubuta. Masu Bitcoin Core suka maƙale wa tsohon zubi na 4.8 shekara da shekaru, kafin a 2021 su fara karkatar da lalitar kuɗin zuwa SQLite. Takarda ɗaya da lauyoyi suka sauya ta jawo wa ɗimbin injiniyoyi aikin da ba su shirya masa ba.

Shi ya sa idan na ga kamfani ya baje jadawalin kwatance, wannan ya fi sauri, wancan ya fi cin ƙaramin wuri, nakan ji an tsallake tambayar farko. Sauri abin dubawa ne, amma lissafin kamfani yakan fi kwamfutar da aka rubuta shi daɗewa, ya fi ma'aikacin da ya shigar da shi daɗewa. Wa ke da ikon sauya sharuɗɗa gobe? Idan ya daina kula da rumbun fa? Microsoft, duk da girmansa, ya sanar a 2013 cewa ya daina ciyar da SQL Server Compact gaba, kuma waɗanda suka gina manhaja a kansa dole suka nemi mafita.

Hipp ya bi wata hanya dabam: ya sallama wa duniya SQLite baki ɗaya, babu lasisi, babu haƙƙin mallaka. Kamfani ba zai saye abin da ba na kowa ba. Kuɗin da ke riƙe da aikin yana fitowa daga kwangilar tallafi da ƙarin kayan aiki da ƙaramin kamfaninsa Hwaci ke sayarwa, da kuma wata ƙungiyar kamfanoni da aka kafa a 2007, wadda Mozilla da Symbian ke cikin mambobinta na farko. Yau yana cikin kowace wayar Android da iPhone, yana cikin Firefox da Chrome, a cikinsa WhatsApp ke ajiye hirarrakin da ke wayarka, kuma Airbus na amfani da shi a jirgin A350. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin tsarin fayilolin da yake ba da shawarar a adana bayanai da su don gaba.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a nan. Kafin SQLite ya taɓa fayil, yakan rubuta a gefe abin da zai taimaka a maido da shi yadda yake, don haka idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da ciniki, ko dai cinikin ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba sam. Masu rubuta shi suna gwada wannan ta hanyar kwaikwayon yankewar wuta a kowane mataki. Duk mai shagon da ke aiki tsakanin wutar gwamnati da janareta ya san darajar haka.

Amma yana da iyaka, kuma masu rubuta shi ba su ɓoye ba. Mutum ɗaya ne ke iya rubutu a fayil a lokaci guda, kuma suna gargaɗi kan a ajiye fayil ɗin a kwamfuta ɗaya wasu kwamfutoci da yawa su riƙa rubutu a ciki ta hanyar sadarwa. Kantin magani mai kanta ɗaya ba zai ji komai ba. Babban kanti mai masu karɓar kuɗi goma ya fi dacewa da irin Firebird, wanda ya ɓalle daga InterBase bayan Borland ya buɗe rubutunsa a Yulin 2000. Shi yana iya zama cikin manhaja yau, gobe idan ciniki ya bunƙasa a mayar da shi sabar, da fayil ɗin nan dai.

Wani abin lura kuma, mutane ƙalilan ne ke rubuta SQLite, kuma ba kasafai suke karɓar gyara daga waje ba, don kada wani ya zo daga baya ya ce yana da haƙƙi a ciki. Wannan ya kare shi daga rikicin mallaka, ya kuma ɗora nauyi mai yawa a kan wuyan mutane kaɗan. Sun bayyana niyyar ci gaba da kula da shi har zuwa 2050, kuma sun wallafa bayanin tsarin fayil ɗin dalla-dalla, yadda wani injiniya zai iya rubuta manhajar karanta shi ko da su ba sa nan.