Jeranta Makarantu a Ƙuri'ar Rabon Guraben Share Fage: Nazari a kan Tsarin Birnin Washinton

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda iyaye ke zaɓa da jeranta makarantu a ƙuri'ar rabon guraben ajin share fage a birnin Washinton na ƙasar Amurka. An dogara ne da ƙa'idojin tsarin My School DC da kuma binciken da masana tattalin arziki suka wallafa a kan rabon gurabe. Maƙalar ta nuna cewa tsarin ya kawar da buƙatar yin dabara wajen jeranta makarantu, amma ya bar wa iyaye aiki mafi nauyi, wato sanin makarantun da ya kamata su shiga jerin tun farko. A nan ne bambancin mai hali da marar hali ya koma ya ɓuya.

Gabatarwa

A shekarar 2008 majalisar birnin Washinton ta yi dokar faɗaɗa karatun share fage kyauta ga yara 'yan shekara uku da huɗu. Sai dai kyauta daban, tabbas daban. Dokar tilasta karatu ba ta hawa kan yaro sai ya kai shekara biyar, kuma daga lokacin ne yake da haƙƙin gurbi a makarantar unguwarsu. Kafin nan, a mafi yawan makarantu, ko da ƙofar gidansu na kallon ƙofar makarantar, sai ya shiga ƙuri'a. Tun daga 2014 aka haɗe wannan ƙuri'a wuri guda, ta ƙunshi makarantun gwamnatin birni da mafi yawan makarantun yarjejeniya, wato waɗanda gwamnati ke ba kuɗi amma wasu ƙungiyoyi ke tafiyar da su. Iyaye kan cike takarda ɗaya ta intanet, su jeranta makarantu har 12, daga wadda suka fi so zuwa ƙasa. Tambayar wannan nazari ita ce: me wannan jeri yake buƙata daga iyaye, kuma wa yake da halin cika buƙatar?

Tsohon Tsari da Illarsa

Ba a fahimtar tsarin Washinton sai an san abin da aka guda. Birnin Boston ya daɗe yana amfani da tsarin da za a iya kira karɓar nan take. Kowace makaranta takan fara duba waɗanda suka sa ta a farko, ta cike gurabenta da su, a rufe magana. Wanda ya rasa zaɓinsa na farko sai ya tarar da zaɓinsa na biyu ya riga ya cika da waɗanda suka sa shi a gaba. Duk wanda ya taɓa cike takardar JAMB a Nijeriya ya san wannan fargaba, domin jami'o'i da yawa ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba.

Abdulkadiroğlu da Sönmez (2003) sun nuna cewa irin wannan tsari yana hukunta mai faɗin gaskiya. Iyayen da suka gane sirrin sukan ɓoye makarantar da suke so, su sa wadda suke ganin za su samu. Pathak da Sönmez (2008) sun ƙara da cewa ribar da masu wayo ke ci tana fitowa ne daga asarar masu cike takarda da zuciya ɗaya. Boston ta yanke shawarar barin tsarin a 2005, Ingila kuma ta hana makamancinsa a 2007.

Yadda Jinkirta Karɓa Ke Aiki

Abin da ya maye gurbinsa, wato jinkirta karɓa, ya samo asali ne daga aikin Gale da Shapley (1962), wanda Alvin Roth da abokan aikinsa suka ɗabbaƙa a makarantun sakandaren birnin Niyok a 2003. Wannan fanni ne ya jawo wa Roth da Shapley lambar yabo ta Nobel a 2012.

A Washinton, kwamfuta kan ba kowane yaro lambar sa'a guda ɗaya. Kowace makaranta kuma tana da rukunonin fifiko, kamar yaron da ke da ɗan'uwa a makarantar, ko wanda ke zaune cikin iyakar unguwarta. Fifiko ake fara dubawa, lambar sa'a kuwa tana raba gardama ne tsakanin 'yan rukuni ɗaya. Kwamfuta kan miƙa kowane yaro ga zaɓinsa na farko, makaranta ta riƙe waɗanda suka fi cancanta riƙon wucin gadi. Wanda aka ƙi sai a kai shi zaɓinsa na biyu, kuma a can yana iya ture wanda aka riga aka riƙe idan ya fi shi fifiko ko lamba. Haka ake ta zagayawa har kowa ya zauna, sannan karɓa ta tabbata.

Muhimmin abin lura shi ne makaranta ba ta fifita yaro don ya sa ta a farko. Yaron da ya sa makarantar unguwarsu ta tara, idan takwas ɗin sama suka ƙi shi, zai isa can da fifikonsa cikakke, kamar ita ya sa a gaba. Saboda haka hukumar My School DC ke ta nanata wa iyaye su jeranta makarantu yadda suke son su a zuciya. Akwai ma ƙarin dalili. Wanda ya samu zaɓinsa na huɗu yakan shiga jerin jira na ukun da ke sama, amma a cire sunansa daga duk na ƙasa. Uwar da ta ɗora makarantar da ba ta so sosai a sama don tsoro, idan ta samu, ta rufe wa kanta ƙofar wadda take so da hannunta.

Inda Dabara Ta Koma

Duk wannan gaskiya ne, amma da sharaɗi. Tabbacin cewa faɗin gaskiya shi ne mafi alheri ya ginu ne a kan jerin da ba shi da iyaka. Haeringer da Klijn (2009) sun nuna cewa da zarar an ƙayyade yawan makarantun da za a rubuta, lissafi ya dawo. Tsarin jerantawa bai canza ba, amma zaɓen abin da zai shiga jerin ya zama shawara mai haɗari.

A ɗauki iyalin da ba su da fifiko a ko'ina sai makarantar unguwarsu. Suka cike guraben 12 da makarantun da kowa ke rububi, suna ganin sun jefa ƙugiya goma sha biyu. Ba haka ba ne. Lambar sa'a ɗaya ce ke bin yaro ko'ina. Idan ta zo da rauni, raunin zai bi shi makaranta ta farko har ta ƙarshe. Ƙari a kan haka, a makarantun da ake rububi, ƙannen ɗalibai da 'yan unguwa kan cinye mafi yawan gurabe kafin a zo kan baƙo. Irin wannan iyali suna iya fita hannu rabbana, alhali da sun bar gurbi ɗaya ko biyu ga makarantar da suke da fifiko ko wadda ba ta cika cika ba, da yaronsu ya samu wuri.

Kuskure na biyu ya fi wannan yawa, wato gajarta jeri. A ƙasar Cile, wadda ta fara tsarin rabo na bai-ɗaya a 2016, Arteaga da abokan aikinsa (2022) sun gano cewa iyaye da yawa kan tsaya a makarantu kaɗan saboda suna kyautata zato fiye da kima game da damarsu. Da aka riƙa nuna musu gargaɗi a shafin cike takarda cewa jerinsu na cikin haɗari, wasu suka ƙara makarantu, kuma yawan masu rasa gurbi a cikinsu ya ragu. A ganin wannan nazari, wannan sakamako ya isa hujja a kan duk hukumar da ke da alƙaluman shekarun baya a hannunta amma ta bar uwa tana kintace.

Me Iyaye Ke Zaɓa?

Glazerman da Dotter (2017), da suka yi nazarin takardun ƙuri'ar Washinton, sun tarar nisa daga gida, sakamakon jarrabawa da irin ɗaliban da ke makaranta duk suna tasiri a jerin iyaye. Nisa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan shekara uku, wanda dole babba ya kai shi ya ɗauko shi. Mai mota da aikin da ke da sassauci yana iya rubuta makarantar da ke ƙetaren birni. Uwar da ke zaune gabashin kogin Anakostiya, inda talauci ya fi yawa, wadda kuma ke fita aiki da asuba a motar haya, jerinta ya gajarta tun kafin ta buɗe kwamfuta. Lambar sa'a ba ta san launi ko arziki ba, amma fifikon unguwa ya san su, tunda kuɗin gida ne ke tantance wanda ke zaune kusa da makarantar da ake so. Wannan ne ya sa daga baya birnin ya ba makarantu damar ware fifiko ga yaran da ke cikin ƙunci, irin marasa matsuguni da waɗanda iyayensu ke karɓar tallafin abinci.

Sakamakon jarrabawa kuma ma'auni ne mai ruɗi. Abdulkadiroğlu da abokan aikinsa (2020) sun nuna cewa a Niyok iyaye sun fi bin makarantun da suka tara ɗalibai masu ƙoƙari, ba lallai waɗanda suka fi ƙara wa ɗalibi ilimi ba. A matakin share fage matsalar ta fi tsanani, domin makin da ake nunawa na 'yan aji uku ne zuwa sama, bai faɗi komai kai tsaye game da malamar da za ta riƙe ɗan shekara uku ba. Amma iyaye ba su yi wauta da suke dubansa ba. A makarantu da yawa, ajin 'yan shekara uku shi ne ƙofa mafi faɗi, wanda ya shiga yakan ci gaba ba tare da sake ƙuri'a ba, ƙannensa ma su gaji fifiko. Jerin da aka cike don ɗan yaye yana iya yanke hukuncin karatun gida guda na tsawon shekaru.

Abin da ke cikin haɗari kuwa an auna shi. Gray-Lobe, Pathak da Walters (2023) sun bi sawun yara fiye da 4,000 da suka shiga ƙuri'ar share fage a Boston tsakanin 1997 da 2003. Ba a ga wani bambanci a makinsu na jarrabawar jiha ba, amma waɗanda suka samu gurbi sun fi kammala sakandare da kimanin maki 6 cikin ɗari, sun kuma fi shiga manyan makarantu da kimanin maki 8 cikin ɗari. Binciken ya kwatanta wanda ya samu gurbi ne da wanda bai samu ba, don haka abin da ya fi jan hankali a kai shi ne rasa gurbi gaba ɗaya, wanda kuma shi ne haɗarin da gajeren jeri da jerin dogon buri suke jefa yaro a ciki.