Ƙawance ko Zumunci? Nazarin Rushewar Gida a Jerin Littattafan Ann Brashares

Tsakure

Maƙalar ta duba jigon rabuwar iyaye da maraici a jerin ƙagaggun labaran da marubuciya Ba'amurkiya Ann Brashares ta fara da The Sisterhood of the Traveling Pants a 2001. Ta nuna cewa giɓin da iyaye suka bari shi ke jan zaren labarin, kuma ƙawaye ba su cike shi ba, sai dai sun tura kowace yarinya ta koma ta fuskanci danginta.

Gabatarwa

Jerin ya ƙunshi littattafai biyar. Huɗu sun fito a 2001 da 2003 da 2005 da 2007, na biyar, Sisterhood Everlasting, ya biyo baya a 2011. Taurarinsa 'yan mata huɗu ne daga Bethesda ta jihar Maryland: Lena da Tibby da Bridget da Carmen, masu aika wa juna wani wando guda ɗaya duk lokacin da hutun makaranta ya raba su. Fahimtar da ta yaɗu, wadda finafinan da aka shirya daga littattafan a 2005 da 2008 suka ƙara wa ƙarfi, ita ce labarin waƙar yabon ƙawance ne, wai ƙawaye sun zama wa juna sabon dangi. Wannan fahimta ta tsaya a kan wando ta bar masu saka shi. Da ƙawance ya wadatar, me zai sa biyu daga cikin huɗun su riƙa yin doguwar tafiya neman wanda ba ƙawa ba?

Dabarar Bincike

An karanta littattafai uku na farko, aka bi sawun Carmen da Bridget, ana lura da wanda kowace ta nufa idan rikicinta ya kai maƙura.

Fushin Carmen

Iyayen Carmen sun rabu tun tana ƙarama, tana zaune da mahaifiyarta Christina. A littafi na farko ta tafi jihar Carolina ta Kudu da zumuɗin yin hutu ita da mahaifinta su kaɗai. Sai da ta isa ta tarar yana shirin auren wata mai suna Lydia, wadda ke da 'ya'ya biyu, Paul da Krista, kuma bai taɓa gaya mata ba. Gida ya riga ya cika, ita ce baƙuwa. Uwarta 'yar asalin Puerto Rico ce, don haka ko a kamanni ta fita daban da mutanen gidan.

Abin lura shi ne inda fushinta ya sauka. Ta huce a kan matar uba da agololi, daga baya ma har a kan Tibby, amma ga uban da ya jawo komai bakinta ya mutu. Da abin ya ishe ta, dutse ta jefa ta fasa gilashin taga suna zaune suna cin abinci, ta koma gida. A nan marubuciyar ta nuna gwaninta. Yarinyar da ke ganin ubanta jefi-jefi ba ta da tabbacin zai jure ɓacin ranta, tana tsoron kada ɗan abin da ya rage ma ya suɓuce. Uwa kuwa, da yake tana nan kullum, ita ke shan masifa. Tibby ba ta maye gurbin uba ba. Iyakarta ta sa Carmen ta ga laifin kanta, har ta ɗaga waya ta faɗa masa tana fushi da shi, sannan ta halarci bikin sanye da wandon.

Littafi na biyu ya juya lamarin. Christina ta fara soyayya da wani mai suna David, Carmen ta shiga tsakani ta ɓata. A na uku an yi auren har uwar ta samu ciki, Carmen kuma ta fara tunanin fasa tafiya kwaleji mai nisa don kada a manta da ita. Sau uku ke nan tsoro ɗaya na dawowa, kuma kowane karo da iyaye ake warware shi.

Bridget ta ƙara tabbatar da haka. Mahaifiyarta ta kashe kanta, uban ya zama kamar ba ya gidan. Bayan ta karaya a sansanin ƙwallon ƙafa na Baja a Meziko, Lena ta je ta rarrashe ta, amma ba ta farfaɗo ba sai da ta tafi Alabama wurin kakarta Greta da sunan ƙarya, tana share mata ɗakin ajiya tana tsintar tarihin uwarta.

Iyakar Bincike

Gaskiya ne gidajen Lena da Tibby ba su rushe ba, kuma littafi na biyar, inda mutuwar Tibby ta sake haɗa sauran, ya fi karkata ga masu ra'ayin ƙawance. Sai dai a lokacin sun kusa shekara 30, sun wuce zangon da maƙalar ta ɗauka. Haka nan iyalai ne masu rufin asiri, babu wadda rabuwa ta hana karatu ko abinci.

Kammalawa

A littattafai uku na farko, ƙawa mai rakiya ce zuwa ƙofar gida, shiga kuwa yarinyar ce ke yi da kanta. Ya kamata a sanya jerin a sahun labaran iyali.