Yadda Matan Maguzawan Kwatarkwashi Ke Gane Giya Ta Tashi

Jama'a, a zamanin da, akwai Maguzawa zaune a gindin dutsen Kwatarkwashi, kusa da Gusau. A wurinsu ba a gayya ko buki sai da giya, dahuwarta kuwa aikin mata ne.

Su kan jiƙa dawa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa. In ta huce, sai a zuba mata ragowar tsohuwar giya. To, daga nan hankalin uwargida ba ya kwanciya, gama in tukunya ta ƙi tashi, dawa ta tafi a banza, maigida kuma ya sha kunya gaban 'yan gayya.

Ba ta da ma'auni sai ido da kunne da harshe. In kumfa ya taso, ta kara kunne ta ji motsi kamar yayyafi, ta ɗanɗana ta ji zaƙi na raguwa, aiki na tafiya ke nan. In shiru, ta matsar da tukunya wuri mai ɗumi.

Sai a 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna wasu 'yan halittu ne, waɗanda ido ba ya gani, ke cinye zaƙin suna fid da iska. Ashe abin da matan nan ke saurara ke nan!

Musulunci ya game ƙasar, a shekara ta 2000 kuma Shari'a ta hana giya a Zamfara. Amma tarihi ba ya ƙin abin da ya faru.