Tsakanin Dandamali da Matan Fada: Me Ya Kamata a Koya wa Ɗalibin Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Kabi?

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana tasiri a kan tsarin digirin farko na nazarin wasan kwaikwayo a jami'o'inmu, ko da yake ba a cika furta shi ƙarara ba. Masu ra'ayin suna ganin wasan kwaikwayo na haƙiƙa shi ne rubutacce, mai jigo da taurari da rikicin da ake warwarewa a kan dandamali. Bukukuwa da wasannin gargajiya kuwa share fage ne kawai, a taɓa su a shekarar farko, sannan a wuce ga Girkawa da Shakespeare da Brecht, inda ainihin karatun yake. Wannan maƙala tana ganin akwai kuskure a nan, kuma kuskuren ya fi fitowa fili idan aka auna shi da ɗalibin da ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu.

Tarihin rubutaccen wasa a Hausa sananne ne, tun daga wasanni shida na R. M. East da Wasan Marafa na Abubakar Tunau, har zuwa ayyukan Shu'aibu Maƙarfi da wasan Uwar Gulma (Yahaya, 1988, Furniss, 1996). Haka nan muhawarar Echeruo da Enekwe a kan ko bukukuwan Ibo wasan kwaikwayo ne. Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Andrew Horn, domin daga ƙasar Hausa ya ɗauko misalinsa, kuma hujjarsa ta fi ta masu maimaita ta ƙarfi.

A maƙalarsa kan bori, wadda ta fito a kundin da Yemi Ogunbiyi ya tace a 1981, Horn ya bambanta abin kallo da wasan kwaikwayo. Ya yarda cewa a fagen bori akwai kiɗa da rawa da sutura ta musamman da taron masu kallo. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a kira ɗan bori ɗan wasa. A fahimtar masu abin, wanda iska ta hau ba kwaikwayo yake yi ba, doki ne aka hau, kuma manufar taron neman biyan buƙata ce daga iskoki, ba isar da labari ga mutane ba. Ɗan wasa kuwa ya san ko shi wane ne, 'yan kallo ma sun san ya sani, kuma a kan wannan fahimtar juna ce wasan ya tsayu.

A ganina Horn ya yi daidai game da bori, kuma waɗanda suka yi masa raddi da cewa duk inda aka ga sutura da rawa an ga wasan kwaikwayo sun sauƙaƙa wa kansu aiki ne. Matsalar tana wajen inda aka kai hujjar daga baya. Magana a kan nau'i guda aka mayar hukunci a kan duk abin da ba a rubuta ba. To, a ɗauki ma'aunin Horn ɗin kansa a ɗora a kan tashe. Idan azumi ya kai kwana goma, yara a Gesse da sauran unguwannin Birnin Kebbi sukan bi gida gida bayan buɗa baki. Yaron da ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda ya san shi ba tsoho ba ne, matan gidan da ke dariya su ba shi sadaka ma sun sani. A Jatau Mai Magani akwai tauraro, akwai 'yan amshi, akwai kayan wasa, akwai kuma habaici ga masu tallar magani. Ɗankama da ke shigar malami yana jan baƙi a kan tuwo da miya kwaikwayo yake yi da gangan. Haka wasan gauta, da wasan kara da ake yi a Damagaram, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa (Beik, 1987). Duk sharuɗɗan da Horn ya ce bori bai cika ba, waɗannan sun cika su. Saboda haka, ko a bisa ƙa'idarsa, ba daidai ba ne a ajiye su a matsayin share fage.

Sai dai idan aka zo kan bikin kamun kifi na Argungu, dole in taƙaita da'awata. Akwai sha'awar a ce shi ma wasan kwaikwayo ne, kuma ban ga hujjar da za ta ɗauki wannan nauyi ba. Masuncin da ya faɗa kogin Matan Fada da homa da gora ba kwaikwayon su yake yi ba. Giwan ruwa na gaske yake nema, kyautar ma ta gaske ce. Abin da hujja ta yarda a faɗa ya fi haka ƙanƙanta, amma ya wadatar: bikin tsararren abu ne da ake aiwatarwa domin a gani. Asalinsa a yadda aka san shi yau yana komawa ga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Su ɗin da Kabawa suka saba yi domin abinci, ran nan an shirya shi ne domin baƙo, kuma saƙon sulhu ne yake ɗauke da shi. Tun daga lokacin akwai wanda ke yanke inda manyan baƙi za su zauna, da lokacin da za a ba da alamar shiga ruwa, da rawar da Sarkin Ruwa zai taka, da jerin wasannin kabanci kamar tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, da inda makaɗa za su tsaya. Wannan aikin mai ba da umarni ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Irin wannan ne Richard Schechner da Victor Turner suka buɗe wa ƙofa, da suka nuna cewa ibada da nishaɗi sukan sarƙe a taro guda, kuma rinjayen ɗaya kan ɗaya yana sauyawa da zamani.

Mai bin ra'ayin Horn zai ce, idan haka ne a bar Argungu ga masu nazarin al'ada a sassan Hausa da na tarihi. Wannan suka ce mai nauyi, domin su ne suka fi kowa rubutu a kan bikin. Amma mai nazarin al'ada bayyanawa yake yi, ɗalibin wasan kwaikwayo kuwa ana horar da shi ne ya yi da hannunsa: ya tsara fili, ya sarrafa murya da haske da lokaci, ya san abin da ke riƙe hankalin taro da abin da ke watsa shi. Bikin da Hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2016, wanda kuma ya yi kusan shekara goma a tsaye kafin a dawo da shi a 2020, yana buƙatar masu wannan sani. Akwai tambayoyin da su ne za su fi iya yi. Me ake nunawa a gaban rumfar baƙi, me kuma ake yi a keɓe, kamar gyaran ruwa? Me ke faruwa da wasa idan aka gajarta shi domin ya dace da kyamarar talbijin ko jawabin gwamna?

Ba sabon abu ake nema ba. Da aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, gidan wasan da Steven Ehrlich ya zana da ƙasa aka gina shi, a fasalin gidan Bahaushe, ba a fasalin zauren Turai ba. Daga nan ɗalibai suka fita ƙauyuka, aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977. Masu aikin da kansu sun lura daga baya cewa kai wa manoma wasan da aka gama shiryawa bai kai yin wasan tare da su amfani ba, suka sauya hanya. Darasin ya shafi harshe ma. Ɗalibin da aka horar da daidaitacciyar Hausa kaɗai, idan ya tsaya a gaban masunta da manoman shinkafa na fadamar Rima, nan take za a ji baƙo ne. Karin harshen yamma kayan aiki ne a dandamali, ba aibi ba ne da za a goge.

Saura ƙorafin iyaye, waɗanda ke jin kalmar wasa su ɗauka an je ɓata shekara huɗu, ko su ji tsoron tarbiyya. Ba ƙorafin rainawa ba ne. An ga yadda adawar malamai ta sa aka fasa gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano a 2016. Ba kuma zan yi alƙawarin aiki ba, ko da yake gidajen rediyo da talbijin da masana'antar Kannywood da shirye-shiryen wayar da kai suna buƙatar marubuta da masu shiryawa. Abin da zan iya cewa shi ne, mahaifin da ya ga ɗansa yana nazarin tashe da kabanci da gidan tarihi na Kanta zai fi saurin gane abin da ake koya masa.

Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta tanadi kashi 70 na darussa daga sama, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, tafiyar kimanin awa guda ce a mota daga Matan Fada, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie kuwa a cikin Argungu take. Kira nake ga duk wanda zai tsara wannan fanni a jihar Kebbi, da sassan Zariya da Kano da ke karɓar 'ya'yanmu, su ba tashe da kabanci da Uhola ta Zuru da Rigata ta Yawuri wannan kashi 30 ɗin, da aikin fili na tilas a kowace shekara, ba kwas guda a zangon farko ba.