Kufan Soba da Labarin Ajuba

Hausawan da suka zauna a Jazira da bakin Shuɗin Nilu, tun daga zamanin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, sun zo da tatsuniyoyinsu. A can kuma suka tarar da na mutanen ƙasar. Ɗaya daga ciki shi ne labarin Ajuba, tsohuwar da aka ce ta rushe birnin Soba. Wai tana da 'ya kyakkyawa, sai ta riƙa yi wa manyan gari alkawarinta ɗaya bayan ɗaya, tana zuga kowa ya kashe ɗan'uwansa, har birni ya watse. Sunanta ya zama abin misali a bakin Sudaniyawa ga duk mai haɗa husuma.

Ba wanda zai ɗauki fartanya ya tafi neman gidan Gizo da Ƙoƙi, gama tatsuniya ba ta faɗi inda yake ba. Amma labarin Ajuba ya kama sunan gari, garin kuwa yana nan, kufai ne a gabashin kogin, wajen kilomita 20 daga Khartum. Saboda haka ana iya haƙa a gwada.

Soba ita ce babban birnin Alwa, ɗaya daga mulkokin Kirista na Nubiya. A shekara ta 580 Bishop Longinus ya yi wa sarkinta baftisma. A ƙarni na 10 wani manzo daga Masar, Ibn Sulaim al-Aswani, ya ba da labarin manyan gidajenta da lambuna da majami'u masu zinariya, har da unguwar Musulmi. Mai karatu zai iya cewa wannan ma ya yi kama da almara.

Peter Shinnie ya haƙa wurin daga 1950 zuwa 1952. Derek Welsby ya bi baya daga 1981 zuwa 1992, shi ne ya fi daɗewa. Tuddan da makiyaya suke bi da awaki, ashe gine-gine ne. Aka tono harsashin manyan majami'u na jan bulo kusa da juna, da wani babban gini da ake tsammani fada ce. Aka sami dutsen kabarin wani sarki mai suna Dauda da rubutun Helenanci a kai. Ga tsingaron tukwane masu zane da aka yi a garin, ga gilashi da kayan tangaran daga ƙasashe masu nisa. Tulin zinariya dai bai fito ba, amma girman birnin da wadatarsa sun tabbata. Al-Aswani bai yi ƙarya ba.

Wajen rushewar ce labari da ƙasa suka rabu. Tatsuniya ta ɗora laifin a kan mace ɗaya. Tarihin Funj ya ɗora shi a kan yaƙin Amara Dunƙas da Abdullahi Jamma, wajen 1504. Abin da aka tono ya nuna birnin ya fara lalacewa tun ƙarni na 13, an fasa kaburbura, an bar majami'u suna zubewa. Wato mayaƙan sun tarar da gari wanda ya riga ya raunana shekaru masu yawa. Mutane sun fi son a ba su suna guda su zarga, shi ya sa Ajuba ta fi sauƙin tunawa. Duk da haka ba a yar da labarinta gaba ɗaya ba, gama ya riƙe abu guda mai nauyi, cewa ɓarnar ta soma daga cikin gida.

Wani matafiyi Bayahude, Dauda Reubeni, ya bi ta wurin wajen 1523, ya iske kufai. A ƙarni na 19, sa'ad da Turkawa suke gina Khartum, aka riƙa kwasar bulon Soba ana kaiwa can.